Kafin ka aika a kira mai gyara, duba gidanka da kanka

Bara da bazara wata Hajiya a unguwar Ali Ɗan Sofo ta aiko jikanta ya kira ni. Na iske ta zaune a kan tabarma da takardun kuɗin ruwa guda uku, kowace ta fi ta gabanta nauyi. Ta ce, "Ɗana, mu bakwai ne a gidan nan. Ba mu ƙaru ba, ba mu yi biki ba, ba mu yi gini ba. Ina ruwan yake tafiya?" Ban ko buɗe jakar kayan aiki ba. Na ce a rufe duk wani pampo na gidan, na je bakin ƙofa na tsuguna gaban mita. Ɗan tauraron da ke tsakiyarta yana ta juyawa a hankali, alhali ba wanda ke ɗibar ruwa. Da na zaga tsakar gida sai na ga bedin Hajiya ya yi kore shar, na maƙwabta kuwa duk sun yi furu-furu da ƙura. Muka haƙa gindinsa, ga tiyo nan saiwa ta matse shi har ya tsage. Wata uku ke nan Hajiya tana biya wa bedi kuɗin ruwa.

Shekara ashirin da biyu ina aikin pampo a nan garin Maradi. A hannun kawuna na koya, kuma yawan shiga gidajen mutane ya sa na san ɗan abin da ya shafi wuta da rufi. Abin da ke damuna shi ne, yawancin ɓarnar da ake kirana a kanta ta daɗe tana nuna kanta kafin ta yi girma, sai dai ba a koya wa masu gida inda za su duba ba. Shi zan faɗa a nan.

Ruwa

Fara da mitar ruwa, wadda muke ce wa konter. Lambobinta iri biyu ne. Baƙaƙen su ne ake rubuta maka a takarda, kowace ɗaya lita 1,000 ce, wato tano biyar na lita 200. Jajayen kuma su ne ƙananan litoci. Da dare bayan kowa ya gama alwalar isha'i, rufe pampo duka, ka rubuta lambobin gaba ɗaya har da jajayen. Da asuba kafin kowa ya taɓa ruwa ka sake karantawa. In sun motsa, akwai yoyo a gidanka, ko ka gan shi ko ba ka gan shi ba. In kana da tanki a sama, rufe makullin da ke kai masa ruwa kafin gwajin, don kada cikarsa ta ruɗe ka. Ka kuma sani: yoyon da ke kafin mita, daga titi, na kamfanin ruwa ne, kai dai ka sanar da su. Wanda ke bayan mita kuwa naka ne, aljihunka zai ci. Kuɗin ruwa hawa-hawa ake lissafa shi, in ka wuce matakin farko farashin kowace lita dubu yana tashi, shi ya sa yoyo ke ninka takarda fiye da yadda mutum ke zato.

Kada ka raina pampon da ke ɗiga. In yana ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa, a wuni da kwana ya zubar da kusan lita 20, ya kusa cika bidon nan mai ruwan ɗorawa. A wata ya kai kusan lita 600. Maganinsa kuwa sau da yawa ƴar roba ce da ke cikin kan pampon, wadda kuɗinta bai kai na kwanon shinkafa ba. Rufe babban makulli, buɗe pampon ya tsiyaye, kwance kansa da sifana, ciro robar ka tafi da ita kasuwa a ba ka daidai ita. In wajen ɗaurin ne ke yoyo, naɗa farin zaren tefulon a kan haƙoran, ka bi da shi ta inda ake ɗaurewa, ba ta inda ake kwancewa ba, in ba haka ba zai warware yana shiga. Kuma a hana yara murɗa pampo da ƙarfin tsiya. Murɗawar nan ce ke cinye robar.

Masu masai na zamani, naku ɓarawon ba ya yin ƙara. Ruwa yana silalewa daga tankin baya zuwa cikin kwanon dare da rana. Zuba ƴar bular wanki a tankin, kada a ja ruwa, ka dawo bayan minti ashirin. In ruwan kwanon ya yi shuɗi, robar ƙasan tankin ta mutu, a sauya ta.

In mita ta nuna yoyo amma ba ka ga komai a sama ba, bi hanyar da tiyo ya bi. Nemi inda ƙasa ta yi damshi da rani, inda ciyawa ta tsiro ita kaɗai, inda gindin bango ya yi fari kamar an barbaɗa kanwa, ko inda gara da tururuwa suka taru. Ƙasarmu ta nan kan tudu rairayi ce, tana shanye ruwa ba tare da ya taso sama ba, don haka sai an lura sosai. Wanda zai yi sabon gini, ina roƙonsa abu biyu: ya nisanta tiyo da salga daga bedi, kuma ya ɗauki hoton inda aka bi da tiyo kafin a rufe ramin. Na sha farfasa daɓen siminti mai kyau don kawai ba wanda ya tuna inda aka binne.

Farin tiyon roba na PVC ba ya shiri da ranar Maradi. In aka bar shi a fili, bayan ƴan shekaru sai ya bushe, ka taɓa shi ya fashe kamar ƙwarya. A binne shi, in kuma dole ya hau bango a shafa masa fenti ko a naɗe shi. Binnewar tana da wani amfani: ruwan tiyon da ke kwance a rana cikin Afrilu yana iya ƙona hannun yaro.

Tanki kuma, a wanke shi sau biyu a shekara, ni nakan ce bayan hunturu da kuma bayan damina. A zubar da ruwan, a goge laka da gansakuka da buroshi, a ɗauraye da ruwan da aka sa wa jabel kaɗan, wato ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta, a sake ɗaurayewa da ruwa zalla har warin ya tafi. Murfi ya rufu ruf, saboda ƙura da ƙadangare da sauro. Abu ɗaya da ba na so a manta: kada a taɓa haɗa jabel da asid ɗin wanke masai. Haɗin yana tayar da iska mai guba da ke shaƙe mutum nan take, musamman a ɗan ƙaramin makewayi.

Masu rijiya ko fohoraj, wato rijiyar burtsatse, a gida, ku nisanta salga da su, mita 30 in fili ya ba da dama, kuma salgar ta kasance ta gangare. Sannan ku kai ruwan a auna kafin iyali su fara sha. Mu mutanen wannan yanki ba sai an ba mu labari ba. A Tibiri, nan kusa da mu, ruwan wata rijiyar burtsatse da aka sha tun daga tsakiyar shekarun 1980 yana ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da ƙima, ya ɓata haƙoran yara masu yawa, ya lanƙwasa ƙasusuwan wasu. Ruwan garau yake a ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar fuloraid a miligiram 1.5 cikin lita, kuma tafasawa ba ta fitar da shi.

Warin makewayi na bazara yana da sauƙin magani. Ƙarƙashin kowace mazurarar ruwa akwai lanƙwasa da ke riƙe ɗan ruwa, shi ne ke toshe wa warin rami hanya. In ɗaki ya daɗe ba a shiga ba, zafi ya ƙafar da ruwan, sai wari da kyankyasai su hau. Zuba buta ɗaya duk mako. Salgar gargajiya kuwa a sa mata bututun numfashi da ya ɗara rufi da kamar rabin mita, a shafa masa baƙin fenti don rana ta ɗumama shi ya riƙa jan iska sama, a ɗaure bakinsa da raga saboda ƙuda.

Sanyi, garwashi da numfashi

A nan zan daɗe, don wannan ba maganar kuɗi ba ce, maganar rai ce. Sanyinmu gajere ne, Disamba da Janairu, amma in ya sauko da asuba tsofaffi da jarirai suna jin jiki. Sai a cika kasko da garwashi a shiga da shi ɗaki, a rufe ƙofa, a toshe taga da tsumma. Gawayin da ke ci a ɗakin da ba iska yana fitar da wata iska da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Takan shiga jini ta kori iskar da jiki ke bukata. Mai farke zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya, gaɓoɓinsa su mutu. Mai barci kuwa ba ya jin komai. Garwashin da ya daina hayaƙi ya yi ja wur, wanda mutane ke ganin ya zama lafiyayye, yana nan yana fitar da ita.

Na taɓa zuwa gyara wani gida da sassafe a Bagalam, na iske maigida a ƙofar ɗaki riƙe da kai, uwargida tana amai, suna cewa ko tuwon jiya ne. Da na leƙa na ga kaskon a gindin gado. Na ce, "Maigida, ba tuwo ba ne, a fito da yaran waje yanzu." Allah ya kiyaye, ƙofarsu tana da ɓaraka ta ƙasa. In mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai lokaci guda, ku fara zargin garwashi. A buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa fili, a kai su asibiti ko da sun ce sun warware. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce.

Yadda nake yi a gidana: a ɗumama ɗaki da garwashi tun da magariba, ƙofa a buɗe, a fitar da kaskon waje kafin kowa ya kwanta. A shimfiɗa tabarma da darduma a kan siminti, don sanyi ta ƙasa yake hawa. A sa wa yara hula da safa. Injin janareto ma iskar nan yake fitarwa, har ya fi garwashi. Wurinsa fili, nesa da taga, ba zaure ba, ba shagon da aka ja ƙofa ba.

Ruwan wanka na sanyi, cika baƙin bido ka ajiye a rana tun hantsi, da la'asar ya yi ɗumi ba ka kashe dala ba. Ƙarfen nan da ake tsomawa a bokiti a jona da wuta, ni ba na son ganinsa a gidan da ke da yara. In dole ne, bokitin roba, a ɗaki rufe, kuma a zare waya kafin a sa hannu a ji ɗumin ruwa.

Ƙurar hunturu kuma a tare ta tun daga ƙofa. A sa labule mai kauri a tagogin gabas da arewa, ta nan iskar ke zuwa. A yayyafa ruwa kafin shara, a goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kakkaɓewa, don kakkaɓewa tayar da ita kawai take yi ta koma hancin mai asma. Madafa ta samu taga biyu masu fuskantar juna, ko ɓuli a sama. Uwargida, don Allah a daina hura wuta da leda, kuma goyo ya sauka daga baya kafin a duƙa gaban murhu.

Gas ya sauƙaƙa wa mata, tun da matatar Zinder ta fara aiki a 2011 ya yawaita a gidaje. Amma ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwantawa. Duk sanda aka sauya kwalba, kaɗa kumfar sabulu ka shafa a mahaɗa da jikin tiyo. In kumfa tana tasowa, akwai yoyo. Kada a gwada da ashana. Tiyon gas na kirki yana da shekarar daina aiki a rubuce a jikinsa, a duba. In ka shigo ka ji wari, kada ka kunna ƙwai kada ka kashe, rufe kan kwalba, buɗe ƙofofi, fita.

Zafi da kuɗin wuta

Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, a nan takardar NIGELEC, kamfanin wuta, ke kumbura. Mutane suna fara tunani daga na'ura, ni kuwa daga rufi nake farawa. Ɗakin kwano marar silin tanda ce. A sa silin, a bar ƙananan kafofi biyu masu raga a bango tsakanin silin da kwano, ɗaya ta wannan gefe ɗaya ta wancan, don zazzafar iskar da ta taru ta samu mafita. A shafa wa kwanon farin fenti ta sama. Bangon yamma shi ke shan ranar la'asar ya riƙe ta har tsakar dare, a yi masa rumfar zana ko a dasa itace nesa kaɗan. Kakanninmu da suka yi soro da bango mai kauri da ƙananan tagogi sun san abin da suke yi: ƙasa tana jinkirta zafi, ba ya isa ciki sai rana ta faɗi. Wanda yake da irin ɗakin nan ya gyara shi, kada ya rushe. Da rana a rufe tagogi, da dare a buɗe su duka iska ta ratsa.

Ga lissafin da nake yi wa mutane a bayan takarda. Tsohon ƙwan fitila mai zare wat 60 yake ci, na LED mai haske irin nasa wat 9. Ƙwai biyar, awa shida kullum, a wata: tsofaffin kilowat-awa 54, sababbin kaɗan ya ɗara 8. Fankar sama tana cin kamar wat 70. Kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, mai doki ɗaya da rabi yana cin sama da wat 1,000, wato shi kaɗai ya kai fanka goma sha biyar. Mai kilim ya tsayar da shi a digiri 25 ko 26 ya haɗa da fanka, ya toshe ƙasan ƙofa, ya ciro ragar da ke gabansa ya wanke duk mako biyu, lokacin ƙura ma duk mako. Ragar da ta toshe tana sa injin ya yi ta wahala ba sanyi.

Na'urar nan mai sanyaya ɗaki da ruwa, wadda ake ce wa imidifikater, ta dace da bazararmu, don iskarmu busasshiya ce kuma wutar da take ci ba ta kai kusa da ta kilim ba. Hikimar randa ce aka sa wa fanka: ruwa yana ƙafewa yana tafiya da zafi. Kuskuren da ake yi shi ne rufe ɗaki ruf kamar na kilim. A'a, a ajiye ta bakin taga tana jan iskar waje, a bar wata tagar a buɗe. A sauya ruwan a kai a kai saboda sauro da wari. Da damina ta sauka, iska ta yi laima, amfaninta ya ragu, a zubar da ruwan a shanya ta.

Firigo ya bar tazarar tafin hannu da bango, nesa da murhu da hasken rana. Maƙala takarda a bakin ƙofarsa ka rufe, ka ja. In ta zare ba gardama, robar ƙofar ta saki, sanyi yana fita. In ƙanƙara ta yi kauri a ciki, a kashe ta narke da kanta, kada a sa wuƙa, na ga firigo da yawa da wuƙa ta huda. In aka ɗauke wuta, zare shi, in ta dawo ka jira minti biyar kafin ka mayar. Wutarmu bolt 220 ce, amma lokacin dawowa takan yi sama ta yi ƙasa, a nan injuna ke ƙonewa.

Wani kaso na wutar Maradi daga Najeriya yake shigowa, ta layin Katsina zuwa Gazawa. Da aka yanke ta a watan Agustan 2023 gidaje da yawa sun koma ga sola, to amma saye daban, kula daban. Ƙurar da ta kwanta a kan pano, wato faifan sola, tana rage masa ƙarfi sosai. A wanke shi da ruwa zalla da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya yi zafi. Inuwar reshe ɗaya a kan kusurwa tana iya janyo ƙarfin panon gaba ɗaya ƙasa, a sassabe. Batiri mai ruwa kada a riƙa shanye shi ya wuce rabi, a ƙara masa ruwan batiri tatacce kawai, ban da na pampo, a ajiye shi a inuwa inda iska ke shiga, ba ɗakin kwana ba.

Duk wata, ka taɓa wuraren jona wuta da bayan hannu bayan sun yi aiki. Wanda ya yi zafi, ko ya yi baƙi, ko yake warin roba, a kashe babban makunni a kira mai aikin lantarki. Wannan kam ba na koya wa kowa ya yi da kansa ba. Haka in pampo ko jikin firigo yana jan mutum.

Kafin ruwan farko

Tsohon garin Maradi a cikin fadamar Gulbi yake, ambaliyar 1945 ce ta sa aka hawo tudu. Daminar 2024 kuma ta tuna mana cewa tudun ma ba ya hana ruwa rushe gida. Aikin damina a watan Mayu ake yin sa. Hau rufi da sassafe, kwashe ganye da leda da ƙasar da hunturu ya tara a bakin indararo. Duba ƙusoshin kwano, wanda ya ɗago a sauya shi da mai roba a wuya, don guguwar farkon damina ta nan take samun shiga. Masu soro su yi yaɓe, su cike tsaga tun tana ƙarama. Inda indararo ke zuba a ƙasa a jera duwatsu ko a ajiye tano, kada ruwan ya riƙa cin gindin bango.

Sannan ɗauki bokiti biyu ka kwarara a tsakiyar gida, ka tsaya ka ga inda ruwan ya nufa. In ya bi ta wuriya ya fita titi, madalla. In ya kwanta a gindin ɗaki ko ya nufi bakin salga, kawo ƙasa ka gyara gangaren, ka ɗaga bakin salgar da jeri ɗaya na bulo, ka zura sanda a wuriyar ka fitar da abin da ya toshe ta. Daga nan ka leƙa waje ka yi wa maƙwabcinka magana, ku haɗu ku yashe kwatar da ke gaban gidajenku a rana ɗaya.